Kalmomi Goma Sha Biyu a Allon Malam Badamasi

In ka shiga Unguwar Ya ka ce kana neman Malam Badamasi, ba wanda zai tambaye ka wane Badamasin. Za a nuna maka wata tsamiya da tabarmi a gindinta, a ce ka jira, yanzu zai fito. Shi ne mai Islamiyyar unguwar. Safe da la'asar yana karantarwa, tsakaninsu kuma yana gona, don karantarwa ba ta taɓa cika masa rumbu ba. Gajere ne, ya ba hamsin baya, gemunsa ya fara fari ta gefe guda kamar ya jingina da buhun gari.

Abu biyu aka san shi da su. Na farko hannu. In ya fiƙe alƙalaminsa ya tsoma a tawadar da ya dafa da kansa, rubutun da zai zuba a allo sai ka ji tausayin wanke shi. Har daga Kangire ake zuwa neman rubutun sha a wurinsa. Na biyu kuma rashin yarda. In zai sayi gero, sai ya cusa hannu har gwiwa cikin buhun ya ɗebo na ƙasa. Da aka haƙa famfon tuƙa-tuƙa a unguwar, mako guda ya yi yana kallon masu sha, sai da ya ga ba wanda ya faɗi sannan ya ce a kai tulun gidansa. Wannan hali gado ne. Mahaifinsa mai kwafar littattafai ne, kuma da bulala ya koya masa cewa kowane layi sai an duba shi sau uku kafin a juya shafi. Matarsa Ummussalma takan ce da ana ɗanɗana aure, da sai da ya ɗanɗana nata shekara guda.

To, mutum irin wannan Allah ya haɗa shi da taubashi mai suna Haladu, tsohon malamin gona da ya yi ritaya yana zaune a Birnin Kudu. Tun suna yara kowa ke cewa ɗan'uwansa ne bawansa, har yau ba a raba gardamar ba. Haladu kuwa ba a taɓa kawo sabon abu ƙasar nan bai riga kowa shiga ba. Lokacin da samari suka dinga dangwalar waya wai suna mainin, wato haƙar kuɗi a waya, Haladu da furfurarsa ya dangwala har babban yatsansa ya yi kanta.

A daminar da wannan labari ya faru, Malam ya yi niyyar noman riɗi. Ya hau babur har Basirka ta ƙasar Gwaram, wurin wani mai sayar da iri da ake kira Yahuza, wanda mutane ke yabon kayansa. Ya shinshina irin, ya tauna, ya murza a tafin hannu, ya saya. Ya gyara gona, ya yi feshi, ya gauraya irin da yashi ya watsa. Ɗan abin da ya rage a gindin leda ya miƙa wa Ummussalma ya ce ta yi yadda ta ga dama da shi. Ruwa ya zo yadda ake so. Kwana goma, kwana goma sha biyar, gona fayau, ko tsiro ɗaya babu. Malam ya tsuguna ya tona ƙasa da yatsa, ya tashi yana huci. Shi, Badamasi, mai duba abu sau uku, shi aka yi wa sakiyar da ba ruwa!

Yana cikin wannan ɓacin rai ne Haladu ya zo wata ranar Alhamis da hantsi, ya kafe babur, ya zube a tabarma.

"Alaramma, yau na kawo maka arziki har gida. Miƙo wayar nan taka da ba ka san komai a cikinta ba sai agogon salla."

"In arzikin gaske ne da ka cinye shi a hanya. Mene ne kuma?"

"Dandali ne sabo. Ka yi rubutu, mutane su jinjina maka, kowace jinjina ta zama sulalla. Kirifto ke nan. Kai da kake rubutu kullum ana wankewa a shanye, ga inda za a biya ka."

Malam ya karɓi wayar Haladu ya riƙe ta nesa da fuska, kamar an ba shi ƙwai ana shakkar ya lalace. "Sulallan nan, wa ya buga su? Hoton wa ke jiki?"

"Ba hoton kowa."

"Ofishinsu fa? In an cuce ni, ƙofar wa zan buga?"

"Ai daɗin abin ke nan, ba shi da mai shi! Ba shugaba, ba ofis. Littafi ne guda, amma akwai kwafinsa a na'urori dubbai a duniya. Kowane shafi an ɗaure shi da na bayansa, shi ya sa ake ce masa sarƙa. In wani ya sauya harafi ɗaya a nasa kwafin, sauran su ce ƙarya yake. Kamar dai in ɗalibinka ya yi tuntuɓe a karatu, 'yan'uwansa su gyara masa."

"Ɗalibaina na san iyayensu, na san wanda ya karantar da su. Waɗannan naka wa ya karantar da su?"

"Kai dai bawan nan akwai taurin kai."

"Kuma kasuwar da ba ta da sarki, in faɗa ya tashi, wa ke raba shi?"

Haka suka yi ta ja har inuwar tsamiya ta matsa, suka ja tabarma suka bi ta. Abin da ya karya Malam ba sulallan ba ne. Wata magana ce Haladu ya jefa: "Abin da ka rubuta a nan, ba mai iya goge shi. Ko gwamna ne, ko mai kuɗi, ko wanda ka faɗi gaskiya a kansa." Malam ya ajiye wayar a tabarma. Gonar riɗinsa ta faɗo masa a rai, da fuskar Yahuza lokacin da yake auna masa irin yana murmushi.

"Buɗe mini," in ji shi.

Haladu ya saukar da manhajar a wayar Malam. Can sai fuskar wayar ta nuna wasu gidaje goma sha biyu, uku-uku a jere, kowane gida da kalmar Turanci a ciki.

"To, nan ne wurin hankali," in ji Haladu. "Waɗannan kalmomi su ne makullinka. Ka rubuta su ka ɓoye. Wanda ya same su ya zama kai. In kuma ka batar da su, ba wanda zai ba ka wasu, ko ka yi kukan jini."

"Ko kai?"

"Ko ni. Kawo takarda."

Malam ya ce takarda gara ke ci, yara kuma su yage ta su yi jirgi. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wani ƙaramin allo na mahaifinsa, wanda ba ya ba ɗalibai. Ya zana gidaje goma sha biyu kamar yadda ya gani, Haladu yana karanto masa kalmomin, shi kuma yana zuba su da ajami, don hannunsa da shi ya saba. Ya duba sau uku. Ya bari tawada ta bushe, ya naɗe allon a farin ƙyalle, ya ɗora a kan katangar ɗakinsa ta ciki, can ƙarƙashin rufi. Bai gaya wa kowa ba, ai an ce asiri ne.

Sannan ya dawo ya gyara zama, ya ce wa Haladu, "Rubuta." Ya faɗi sunansa da na unguwarsa. Ya faɗi sunan Yahuza, da garinsu, da inda rumfarsa take a kasuwa. Ya ce mutumin nan ya sayar masa da mataccen iri, kuma yana gargaɗin duk manomi ya yi hattara da shi. Haladu, wanda ya yi shekara talatin yana yi wa manoma tambayoyi kafin ya yanke hukunci, rannan ko tambaya ɗaya bai yi ba. Cewa kawai ya yi, "Yauwa! Irin wannan suke so, mai zafi." Suka taka gona, ya ɗauki hotonta fayau, ya ɗora, ya danna.

Kafin kwana biyu jinjina ta yi ta sauka. Ashe akwai Hausawa da dama a wurin, daga Kano, daga Bauchi, har da masu zaman ƙasashen waje. Wannan ya ce Allah ya isa, wancan ya ce haka 'yan kasuwa suke. Wata lamba a kusurwar waya ta dinga motsi, Haladu ya ce sulallansa ne ke taruwa. Malam ya dube ta da safe ta hau, ya dube ta da azahar ta sauka, alhali bai taɓa komai ba.

"Wa ya ɗiba?"

"Ba wanda ya ɗiba, farashi ne."

"Ni gerona in na zuba a rumbu, ko farashi ya faɗi yana nan yadda na zuba shi."

Sai kuma saƙonni suka fara shigowa. Wata mai hoton Baturiya ta ce labarinsa ya taɓa mata zuciya. Wani ya ce shi ma'aikacin dandalin ne, Malam ya turo kalmominsa goma sha biyu a gyara masa wata matsala. Malam ya ce, "Ikon Allah! Gidan da aka ce ba shi da mai shi, ga shi har da ma'aikaci." Wani kuma ya kira shi ɗan'uwa a Musulunci, ya yi sallama cikakkiya, sannan shi ma ya gangaro kan kalmomin. Wannan ne ya fi tsorata shi. A rana ta huɗu, bayan ya sallami ɗaliban safe, ya danne hoton manhajar da yatsa yadda ya ga ana yi, ta yi rawa, ya goge ta. Ya ji wasai. A ransa ya wanke allo ke nan: rubutu ya tafi, magana ta ƙare. Maganar Haladu ta cewa ba a gogewa kuwa, ya ɗauka wasu ne ba za su iya goge masa ba, ba shi mai rubutun ba.

Aka yi wata guda da 'yan kwanaki. Malam ya sake shuka wake a gonar, shi ma ya fito a tsamure, ya ce shekarar ce ba tasa ba. Ran nan akuyarsu ta tsinke igiya ta yi bayan gida, inda Ummussalma ke da ɗan lambunta na kuɓewa da yakuwa, wurin da shi ba ya shiga sai da dalili. Ya bi ta da sanda. Yana zagayawa sai ya tsaya cak. A jikin danga ga riɗi nan ya kai masa ƙugu, kore shar, har ya fara fure.

"Ummussalma! Wannan riɗin daga ina?"

Ta leƙo da muciya a hannu. "Wanda ka ba ni mana, Malam. Na gindin leda."

"Na Yahuza?"

"Ni ban san sunan mai shi ba. Watsawa kawai na yi, ko taki ban sa ba."

Akuya ta ci yakuwa son ranta rannan, ba wanda ya kore ta. Malam ya kira Haladu a waya ya ce ya zo yanzu-yanzu. Da ya zo ya ga riɗin, sai tsohon malamin gona ya farka a jikinsa. Ya tambayi zurfin shuka, ya tambayi ruwa, sannan ya ce, "Da me ka yi feshi?" Malam ya shiga zaure ya ɗauko galan. Ragowar maganin ciyawa ne da ya yi amfani da shi a gonar masara, ya ga bai kamata a yi asararsa ba. Haladu ya karanta jikin galan ɗin, ya dafe kai.

"Alaramma, wannan na masara ne. Masara ce kawai ke jure shi. Riɗi ko ƙamshinsa ya ji a ƙasa ba zai fito ba. Shi ya sa wakenka ma ya tsamure. Kai ka kashe irinka da hannunka."

Malam ya nemi wuri ya zauna a kan turmi. Shekara talatin yana gaya wa yara cewa laifin da ke tsakaninka da Ubangijinka tuba na wanke shi, amma haƙƙin mutum yana nan a wuyanka sai mai shi ya yafe. Ga shi ya ɗauki sunan bawan Allah ya shafa masa baƙi a gaban mutanen da bai san iyakarsu ba. Can ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi da na goge abin tun da wuri."

Haladu ya dube shi. "Ka goge me?"

"Dandalin naka. Kwana huɗu da buɗewa na wanke shi daga wayata."

Haladu ya sa hannu a aljihu. Ya ciro tasa wayar, ya latsa, ya miƙa masa. Ga rubutun nan daram, ga sunan Yahuza, ga hoton gona, ga maganganun mutane sun ninka na da. Wani ma ya rubuta cewa ya san rumfar, kuma ya gaya wa 'yan ƙungiyarsu ta manoma.

"Tagarka kawai ka rufe," in ji Haladu a hankali. "Kasuwar tana ci."

"To a goge shi yanzu."

"Ba ya goguwa, na gaya maka tun farko. Abin da za mu iya shi ne mu shiga da sunanka mu gyara, mu rubuta cewa kuskure ne, sabon ya hau kan tsohon. Mai tono zai iya tono tsohon, amma yawanci sabon za su gani. Ɗauko kalmominka."

Malam ya shiga ɗaki da sauri, ya taka akwati, ya miƙa hannu ƙarƙashin rufi. Ƙyallen na nan, allon na nan. Ya warware. Allo fes, an wanke shi tas, har an shafa masa farar ƙasa.

Ya kira matarsa. Ta zo tana goge hannu.

"Wa ya taɓa allon nan?"

"Ni ce. Ba na Nasiha ba ne?"

Nasiha ita ce 'yarsu da ke aure a Kangire, tana da tsohon ciki. Malam ya yi mata alkawarin rubutu tun watan jiya, hidimar gona ta sa ya manta. Ummussalma ta ce ran wata Talata mijin Nasiha ya zo a gurguje, ya ce ƙafafunta sun kumbura, an je asibiti an ba da magani, amma ta ce ita sai an karɓo mata rubutun Baba. Malam yana gona. Ta duba allunan zaure duk na yara ne. Ta shiga ɗaki, ta hango farin ƙyalle a sama, ta sauke, ta ga hatimi mai gida goma sha biyu, an rubuta da kyau an naɗe an ajiye daban.

"Na ce wannan ai shi ne. Na wanke a kwano, na tace, na zuba a gora na ba shi."

"Ba ki karanta ba?"

"Malam, yaushe na fara karanta hatiminka? Sunayen da ke ciki ko kai ba ka faɗarsu da ƙarfi. Kuma ma ta ce tun da ta sha take barci lafiya."

Haladu ya yi ƙoƙari, wallahi ya yi ƙoƙari. Ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa, daga baya abin ya fi ƙarfinsa ya fashe har da hawaye. "Wayyo cikina! Duniya ana tsoron ɓarayin intanet, kai naka makullin shanye shi aka yi! Jikan nan da arzikinsa zai fito, a duba hannunsa da kyau ran suna!"

Ummussalma ta ce, "Wai me na wanke ne?" Da aka yi mata bayani ta riƙe haɓa, ta yi salati, sannan ta ce: "To wa ya ce ka rubuta abin da ba a sha a allo?"

Malam bai yi dariya ba. Ya yi ta ƙoƙarin tuno kalmomin. Mutumin da ke riƙe da littattafai a ka, ya tuno uku, na huɗun ya ce ko kogi ne ko kujera. Haladu ya share hawaye ya ce a buɗe sabon suna a rubuta gyara. Malam ya ce, "In wani ya zo yau ya ce shi ne Badamasi, a wurin da ko Baturiya tana iya zama ƙato da gemu, wa zai yarda? Kuma ni na gama shiga gidan nan." Sannan ya ƙara da cewa, "An karantar da mu cewa ko mala'ikan da ke rubuta laifi yana ɗan saurarawa ko bawa zai tuba. Ku kun ƙera littafin da ba ya jiran kowa, kuna ta murna."

"Har da ni a laifin," in ji Haladu. Wannan karon ba wasa a muryarsa. "Da na tambaye ka galan ɗin nan tun ranar, da ba a kai nan ba. Jinjinar nake hange."

Ranar kasuwar Basirka suka kama hanya da sassafe a babur ɗin Haladu. Malam yana baya, rungume da dami guda na riɗin Ummussalma da ya tuge da saiwarsa, furanni na kaɗawa a iska. Duk wanda suka wuce sai ya waiga.

Yahuza dogo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Yana zaune a rumfarsa a tsakiyar buhuna da kwanoni. Da ya ga Malam ya gane shi, ya amsa sallama, ya shimfiɗa masa buhu, amma bai yi murmushin nan ba.

"Malam Yahuza, ka san abin da ya kawo ni?"

"Na ji an ce ka yi rubutu. Ni wayata ba ta hoto. Wani ne ya tsaya a nan inda kake, ya karanta mini da ƙarfi, mutane na ji. Wasu 'yan ƙungiya daga Gwaram da suka saba ɗaukar iri a wurina, bana ba su zo ba." Ya gyara bakin wani buhu. "Na so in zo in same ka. Sai na ce malami ne, me zan ce masa?"

Wannan maganar ta fi zagi ciwo. Malam ya miƙe tsaye, ya fita bakin rumfa, ya ɗaga damin riɗin sama. Muryar da yake tsawata wa yara sittin da ita ya saki.

"Jama'a, ku saurara! Ni ne Badamasi na Unguwar Ya, wanda ya ce Yahuza ya sayar masa da mataccen iri. Ga irin nan, ku gani da idonku, matata ce ta shuka. Nawa ni na kashe shi da maganin masara. Na yi wa mutumin nan ƙazafi, ina neman gafararsa a gabanku!"

Masu awo suka tsaya da kwano a hannu. Wani mai kaji ya ce, "Kai, Malam, maganin masara a riɗi? Ko ni na san wannan!" Aka yi dariya, Malam ya haɗiye. Wata tsohuwa ta matso ta murza ganyen ta ce iri dai ya yi kyau.

Yahuza ya dubi damin riɗin. Sannan ya ce, "Na yafe, Malam, duniya da lahira. Zauna, don Allah, kada ka sa ni kunya." Da Malam ya zauna, sai ya sunkuyo ya tambaya a hankali, "To shi wancan rubutun, yanzu an cire shi?"

Malam ya dubi Haladu, Haladu ya dubi buhunan.

"Ba ya ciruwa," in ji Malam.

"Har yaushe?"

"Sun ce har abada."

"Ko bayan na mutu, 'ya'yana suna rumfar nan?"

Haladu ne ya daure ya ce su tsaya ya ɗauke su hoto, Malam da Yahuza da damin riɗi a tsakiya. Ya ɗora a ƙarƙashin tsohon rubutun da nasa sunan, ya bayyana duk yadda aka yi. Suka jira. Bayan mako guda Malam ya tambaye shi mutum nawa suka jinjina.

"Bakwai," in ji Haladu.

"Ƙazafin fa?"

"Bar shi kawai, Alaramma."

"A'a, ai na gane. Kasuwar taku ta fi sayen zagi da tsada."

Nasiha ta sauka lafiya, namiji, aka sa masa Kamaluddeen. Haladu dai har yau Mai Sulalla yake kiransa, kuma in ya ɗauke shi sai ya buɗe ɗan tafin hannunsa ya leƙa. Sulallan Malam suna can a kulle, suna hawa suna sauka, ba mai taɓa su. Allon mahaifinsa ya koma aikinsa na da, kuma yanzu Ummussalma ba ta wanke ko na yara sai ta ɗaga murya daga tsakar gida ta ce, "Malam, wannan na sha ne ko na waya?"

Shi kuwa ya ƙara wa kansa wani aiki da ba ya cikin karantarwa ko noma. Duk shekara in hadari ya fara haɗuwa, manoma sun fara neman iri, sai ya kira Haladu ya ce, "Yana nan?" Haladu ya duba ya ce, "Yana nan." Sai Malam ya ba ɗalibai hutun ranar kasuwa, ya hau mota zuwa Basirka, ya shimfiɗa buhu a rumfar Yahuza ya wuni. In mai saye ya zo yana jujjuya iri yana kallon wayarsa, Malam ya ce masa, "Samari, in wani rubutu ka gani, ni na yi shi. Zauna in ba ka labarin." Da yamma kuma ya sayi nasa irin. Har yanzu sai ya shinshina, ya tauna, ya murza a tafin hannu, Yahuza yana riƙe da kwano yana jiransa.